Ku Jiƙa Waken Tun Jiya

Ƙannena da 'ya'yana, yau maganar girki za mu yi, kuma kada samarin cikinku su sulale su ce ba da su ake ba. A Bairut, babban birnin Labanan, in ka tsaya a ƙofar shagon falafil, galibi namiji za ka tarar a bakin kasko, hannu ɗaya riƙe da ɗan ƙarfen da ake cura ƙullun, ɗaya hannun da matsami. Sana'a ce da ake gado, ake riƙe gida da ita. Shagon Sahyoun da ke titin Dimashƙa tun shekarun 1930 ya fara suya, ya yi suna har a wajen ƙasar. Abin da ya jawo masa wannan sunan kuwa ba shi da yawa: wake ne da ganye da kayan ƙamshi, sai mai mai zafi.

Ku lura ban ambaci fulawa ba. A 'yan shekarun nan ana ta yayata falafil marar gulutin kamar wata sabuwar dabara aka gano, ko an yi wa abincin tiyata an cire masa wani abu. Alhali falafil ɗin da aka bi yadda ya kamata ba ya neman alkama ko ƙwaya ɗaya, waken da kansa yake riƙe kansa. Masu gaggawa da masu son auki su ke zuba fulawa, faci suke yi da ita don rufe ɓarakar da suka yi tun farko. Wanda ya gane inda ɓarakar take ba ruwansa da facin.

Da yawanku kuna ambaton gulutin ba ku taɓa ganinsa ba, kuma ganinsa ba wuya. Ku ɗebi fulawa rabin kofi, ku kwaɓa ta da ruwa kaɗan ta yi tauri, ku bar ta ta huta rabin awa. Sai ku tsoma curin cikin kwanon ruwa kuna matsawa a hankali. Ruwan zai yi fari fat, sitaci ke nan yake fita. Ku zubar ku sake wani, ku yi ta yi har ruwan ya daina fari. Abin da zai rage a tafin hannunku ɗan dunƙule ne mai danƙo, in an ja shi ya miƙe, in an sake shi ya koma. To shi ne. Furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi ke sa burodi ya tashi ya riƙe iska, funkaso ya yi danƙo, taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Gero da dawa da masara da shinkafa da acha da rogo duk ba su da shi, haka nan kowane irin wake.

Ga mafi yawan mutane abinci ne kamar kowane abinci. Amma akwai masu cutar da likitoci ke kira siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Su in gulutin ya shiga cikinsu, sai garkuwar jikinsu ta juya ta afka wa bangon ƙaramin hanji, ta kwantar da 'yan tsigogin da ke tsotse amfanin abinci. Mutum ya yi ta ci ba ya gani a jikinsa: gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma. Wanda ya kama bakin zaren shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta auka wa ƙasarsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Burodi ya yanke, jama'a suna ta ramewa, amma yaran da ke fama da wannan ciwo suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. A 1950 ya gabatar da sakamakon bincikensa, kuma har yau maganin da ake da shi shi ne wanda ya nuna: a bar alkama da danginta har ƙarshen rayuwa.

Kada wani ya ce muku ciwon Turawa ne. Wani bincike da aka buga a 1999 ya samu cutar a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada a sansanonin gudun hijira da ke Aljeriya, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Waɗannan 'yan Afirka ne, 'yan Sahara.

Duk da haka ina jan kunnenku kan abu biyu. Wanda ke zargin yana da ciwon, kada ya daina cin alkama kafin ya ga likita. Gwajin jinin da ake yi da ɗan naman hanjin da ake ɗiba a duba, dukansu suna buƙatar a same ka kana cin gulutin. In ka bari na makonni kafin ka je, sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Wanda kuma lafiyarsa ƙalau, kada ya ɗauki abin a matsayin yayi don ya ji wasu na yi. Barin alkama ba ya ƙara wa mai lafiya tsawon rai, sai dai ya ƙara masa kashe kuɗi. Ya ci gurasarsa da alkakinsa ya gode wa Allah. Girkin da zan koya muku na kowa ne, amma tsantsenin da ke cikinsa domin marar lafiya ne: ƙanwarku, ko abokin karatunku, ko baƙon da zai sauka gidanku wata rana.

Falafil na ƙasashe da yawa ne, kuma kowa na rantsuwa nasa ne na gaske. Mafi yawan masu bin tarihin abinci sun karkata ga cewa daga Masar ya fito. Can ɗa'amiyya ake ce masa, da waken ful zalla ake yin sa, ana kuma danganta shi da Kiristocin Kibɗawa masu barin nama a kwanakin azuminsu. 'Yan'uwanmu na Sudan da alhazan da suka ɗan zauna a Saudiyya sun san shi da wannan sunan. A Falasɗinu da Jodan da Isra'ila an fi yin sa da waken hummus, wani wake ne ƙulu-ƙulu mai ɗan tsini a gefe guda, wanda Sudaniyawa ke kira kabkabe. Na Labanan ya tsaya a tsakiya, galibi ana haɗa biyun: hummus ya ba da jiki da garɗi, ful ya ba da laushi. Kishin da mutanen Labanan suke wa abincin nan ba na wasa ba ne. A watan Mayun 2010 ɗaruruwan masu girki suka taru kusa da Bairut suka kwaɓa hummus, wato abincin da ake yi da markaɗaɗɗen waken nan, kilo 10,452, daidai da faɗin ƙasarsu wanda yake murabba'in kilomita 10,452, washegari kuma suka yi falafil fiye da tan 5, duk cikin ja-in-ja da Isra'ila kan wane ne mai abincin. Ni dai dariya abin yake ba ni, don tukunya ba ta san inda aka ja iyakar ƙasa ba.

Mutanen Labanan ba baƙinmu ba ne. Kwarori sun fi shekara 100 a Kano, tun zamanin cinikin gyaɗa, har garin na da titin Bairut da titin Labanan. Shawarmarsu ta shiga ko'ina, falafil kuwa bai samu wannan karɓuwar ba, wataƙila don muna da ƙosai. Kuma lallai 'yan'uwan juna ne: duka biyun ɗanyen wake ne aka jiƙa, aka niƙa, aka soya, babu alkama. Sai dai nan ne ma haɗarin yake, domin hannun da ya saba da ƙosai zai so ya niƙa ƙullun ya yi laushi luƙui, ya zuba ruwa, ya buga shi har ya tashi. Duk ukun nan ɓata falafil suke yi. Shi ɓarzawa ake yi, ba a ɗiga masa ruwa, ba a buga shi.

Busasshen wake za ku nema, ana samun sa a manyan kantuna da shagunan Larabawa da Indiyawa. Giram 250 na hummus, giram 250 na ful, wannan zai ba ku falafil kusan 40. Ful ɗin ku sayi ɓararre wanda aka cire wa ɓawo, domin ɓawonsa na da kauri da ɗaci-ɗaci. Ku baza su a faranti ku tsince da kyau. Ba tsakuwa kaɗai kuke nema ba: hatsi da wake sukan bi ta inji ɗaya da buhu ɗaya tun daga gona, don haka ba abin mamaki ba ne a tsinci ƙwayar alkama ko sha'ir ta maƙale a ciki. Ku ɗauraye, ku zuba a babban kwano, ruwa ya sha kansa sosai, saboda zai kumbura ya ninka girmansa har da ɗoriya. Awa 12 shi ne mafi ƙaranci, 18 zuwa 24 ya fi. Ku canza ruwan sau ɗaya ko biyu. In da bazara ne ku sa shi a firiji ko wuri mafi sanyi a gidan, in ba haka ba za ku wayi gari ya yi kumfa yana bashi. Alamar ya jiƙu ita ce ku raba ƙwaya ɗaya da farcen babban yatsa ta rabu ba gardama, cikinta launi ɗaya, babu farin tauri a tsakiya.

Ba a dafa shi. Ko tafasa ɗaya ba a yi masa, kuma dalilin ya cancanci ku riƙe shi. Sitacin da ke cikin ɗanyen wake bai riga ya nuna ba. Idan curin ya faɗa cikin mai, zafi ya ratsa shi, sai sitacin nan ya sha ɗan ruwan da ke kewaye da shi ya kumbura ya kama, furotin ɗin waken ma ya daskare, su manne ɓarɓashin wuri ɗaya. Wato ɗaurin yana faruwa ne a cikin kasko. Waken gwangwani kuwa dafaffe ne, sitacinsa ya riga ya gama wannan aikin tun a masana'anta, ga shi ya ƙoshi da ruwa. In ka niƙa shi ka cura, zai yi kyau a hannu, amma yana shiga mai sai ya saki jiki ya dagargaje, ka koma kamun ɓarɓashi da matsami. Daga nan ne mai girki ke rugawa ya ɗebo fulawa ko garin burodi ko ya fasa ƙwai. Abin zai haɗu, amma sai ya fito da nauyi, cikinsa caɓa-caɓa. Garin falafil na kwali da ake sayarwa ma da yawansa akwai fulawa a ciki. Duk wannan wahalar, asalinta mutum bai tuna ya jiƙa wake jiya da dare ba.

Akwai gargaɗi game da ful da bai kamata in tsallake ba. Wasu mutane ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jajayen ƙwayoyin jininsu da ake kira G6PD. Gado ne, ya fi bayyana a maza, kuma yana da yawa a Afirka da ƙasashen Larabawa da kewayen tekun Bahar Rum. Mai wannan lalura in ya ci ful, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa cikin kwana ɗaya ko biyu: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu, wani sai an ƙara masa jini. Jiƙawa da suya ba sa kawar da haɗarin. In akwai wanda aka san yana da ita a gidanku, ko kuna girka wa taron da ba ku san kowa ba, ku bar ful ɗin ku yi da hummus rabin kilo zalla. A Labanan ma akwai masu yin haka, kuma ba wanda zai ce ba falafil ba ne.

Bayan ya jiƙu, ku tsane shi a kwando, ku baza a kan tsumma mai tsabta ya sha iska har jikinsa ya daina sheƙin ruwa. Ku tanadi albasa matsakaiciya guda, tafarnuwa ƙwaya 5, ganyen fasli da Larabawa ke kira baƙdunis cikin tafin hannu, ganyen kusbara shi ma kamar haka. Ganyen nan a wanke tun da wuri a bar shi ya bushe, domin ruwan da ya maƙale a jikinsa ya isa ya ɓata aiki. Kada albasa ta yi yawa, ita ma ruwa ce. Kayan ƙamshin su ne kamun da 'ya'yan kusbara, ƙaramin cokali biyu-biyu, gishiri ƙaramin cokali biyu, masoro kaɗan, barkono kaɗan ga mai so. Shawarata ku sayi kamun da kusbarar ƙwaya-ƙwaya, ku ɗan gasa su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ku daka da kanku. Ƙamshin ya fi, sannan kun tsira daga garin kayan yaji na awo, wanda wasu ke cakuɗa wa fulawa don ya yi auki. Na san hannun wasunku zai kai ga ɗanɗanon dunƙule da attaruhu. Ku haƙura. Dunƙulen zai danne ƙamshin kamun da ganyen, ga shi wasu nau'o'insa na ɗauke da alkama.

A shagunan Labanan injin niƙan nama ake zuba wa waken da ganyen su fito tare. A gida, injin ɓarza mai faffaɗan kwano ya fi dacewa: a kunna a kashe, a kunna a kashe, ana kankare gefe. Bilenda mai dogon kofi ba ta juyawa sai da ruwa, don haka in ita kaɗai kuke da ita ku riƙa zuba kaɗan-kaɗan kuna girgizawa, ku toshe kunne ga zuciyar da ke cewa a ɗan ɗiga ruwa. Turmi kuwa ya fi bilenda nesa ba kusa ba a wannan aikin. Ku fara daka tafarnuwa da albasa da ganye, sannan ku riƙa zuba waken da kaɗan-kaɗan. Abin da ake nema ya fito tsaki-tsaki, ƙanana, kore-kore, ana ganin ɓarɓashin da ido. Ku damƙi cikin hannu ku matse. In kun buɗe ya tsaya da shatin yatsunku, ya yi. In ya marmashe, bai daku ba, a ƙara. In ya manne wa tafin hannu yana naso ta tsakanin yatsu, ya wuce ko ruwa ya yi yawa. A rufe a sa a firiji awa guda, ya huta ya haɗe jikinsa.

Sai ana dab da suya ake zuba bekin soda, ƙaramin cokali ɗaya a shafe, a barbaɗa a juya da hannu ya game ko'ina. Shi ke sa cikin ya yi sakayau. In an zuba da wuri ƙarfinsa zai tafi kafin a kai ga kasko, in an cika shi kuma baki zai ji ɗanɗanon sabulu. Na zaɓi soda a kan bekin foda da gangan, domin shi abu ɗaya ne tak, ita kuwa fodar haɗi ce da ake sa wa sitaci, wani kamfanin na masara, wani na alkama.

Ɗan ƙarfen curawar nan da na ambata, ƙalib suke ce masa: ɗan kofi ne mai mariƙi, ana danna ƙullu a ciki da cokali, a saki maɓalli ya turo shi cikin mai. In babu, babban cokali biyu ko jiƙaƙƙen hannu sun wadatar. Ku yi su ƙanana, cikin babban cokali ɗaya da ɗan tozo, ku ɗan danne su su yi faɗi, kada ku matse su tamau. Ƙanƙantar na da dalili: waken ɗanye ne, dole zafi ya kai tsakiya kafin baya ya ƙone. Wasu na dangwala fuska ɗaya a riɗi.

Man gyaɗa ya dace ƙwarai. Ya yi zurfin da curin zai yi iyo, zafinsa digiri 170 zuwa 180. In babu ma'auni, ku jefa ɗan ɓarɓashi: ya nutse kaɗan ya taso nan take da ƙananan kumfa kewaye da shi. In ya zauna a ƙasa shiru, mai bai yi ba, kuma falafil zai sha mai ya wargaje. In ya yi baƙi kafin ku ƙifta ido, a rage wuta. Kullum ku fara da guda ɗaya. Ku saka shi a hankali daga gefen kasko, ku ƙyale shi, kada matsami ya taɓa shi a minti na farko, lokacin ne ɓawonsa ke kamawa. Za ku ji ƙarar man ta tashi da ƙarfi sannan ta lafa, gefensa ya fara ja. A juya. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Ku tsame ku raba shi biyu da hannu: baya ruwan ƙasa mai duhu, ƙaras-ƙaras, ciki kore, tururi na fita, sakayau ba jiƙe ba. In ɗan gwajin nan ya watse, ku fara zargin zafin mai, sannan niƙan. In ruwa ne ya yi yawa, babban cokali ɗaya ko biyu na garin waken hummus ko garin shinkafa zai tsotse shi. Kada ku cika kaskon, kowane curi da ya shiga rage zafin man yake yi. Kuma in tsautsayi ya sa mai ya kama da wuta, a kashe murhu a kifa murfi, kada a kuskura a watsa ruwa.

A Labanan ba a cin falafil gaya, taratur ne abokin tafiyarsa, kuma tushensa tahina, wato riɗi da aka gasa sama-sama aka niƙa har ya saki mansa ya zama ruwa-ruwa. Abin ban haushi ne mu sayi kwalbar tahina da tsada daga waje alhali riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai ake lodawa a jiragen ruwa ana fita da shi. Ku wanke farin riɗi, ku shanya, ku gasa kaɗan kada ya yi ja, ku niƙa da ɗan mai har ya yi santsi. Ku ɗebi rabin kofi, ku sa dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya ɗaya da gishiri, ku matsa lemun tsami biyu ko uku. Nan za ku ga abin da ke tsorata sabon shiga: maimakon ta saki, sai ta ɗaure ta yi tauri ta dunƙule a jikin cokali. Ba ta lalace ba. Ku riƙa ɗiga ruwan sanyi cokali-cokali kuna juyawa, can sai ta sake, ta yi fari, ta koma miya mai santsi da ke zuba daga cokali. A gefe ana jera tumatir, fasli, na'a-na'a, yankakken fijil mai ɗan yaji, da wani jiƙo mai launin hoda da ba a raba shi da falafil: saiwar lifti ce ake yankawa a tsuma a ruwan gishiri da khal kamar mako guda, a jefa yankin jan bitirut ya ba ta launi. In ba ku samu ba, kokwamba ko kabeji da aka tsuma haka za su ba da tsamin da ake nema. Ku dai duba khal ɗin, wanda aka yi da sha'ir ba na marar lafiyarmu ba ne.

Gurasar ita ce matsalar gaske. A birnin Bairut falafil a cikin siririyar gurasar Larabawa ake murƙushe shi a naɗe, ita kuwa alkama ce zalla. Mai siliyak sai ya ci nasa a faranti, wanda can ma haka ake kawo shi a gidajen abinci da yawa, ko ya naɗe a ganyen latas. Sinasir ɗin shinkafa zalla ma yana naɗuwa, yana kuma shan taratur da kyau. Ba haka ake ci a Labanan ba, amma ya fi burodin leda marar gulutin araha da daɗi. Sai dai ya zama na gida, domin masu sayarwa wasu kan ƙara fulawa a ƙullun masa da sinasir, ɗanwake kuwa ba a magana.

Yanzu ga inda amana take. Ƙa'idar hukumar Codex, wadda ke ƙarƙashin hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ba a kiran abinci marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Ɓarɓashin burodi kaɗan ya isa ya tsallake wannan iyakar. Don haka kuna iya bin duk abin da na faɗa, ku ɓata shi a wuri ɗaya. Babban tarkon shi ne injin markaɗen unguwa. Wanda ya riga ku a layi wataƙila alkamar funkaso ko ta alkubus ya kawo, kuma ɗan ruwan da mai inji ke watsawa ba ya fitar da abin da ya maƙale a haƙoran injin. Ƙullun marar lafiya ba ya zuwa can. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki shi ma ya tashi daga aiki, ko an tace shi; zafi ba ya kashe gulutin, don ba ƙwayar cuta ba ce. Rariyar tankaɗen fulawa, muciya da katakon yanka da suka tsattsage, turmin da aka surfa alkama: ko dai a wanke su wankin gaske, ko a ware wasu. Ranar da ake kwaɓa fulawa a madafa, gari na tashi ya sauka kan duk abin da ke buɗe. In kuna yi wa gida duka, ku fara sallamar marar lafiya, ku rufe nasa da taratur ɗinsa daban, kafin a fito da gurasa kowa ya fara dangwale.

Sannan ku kiyayi bakinku. Kada ku ce masa ɗan kaɗan ba ya komai, ko ku ce tsirfa ce da iyayi. Wani mai siliyak ɗin ba ya jin komai a ranar da ya ci, amma hanjinsa na can na lalacewa. In ya tambaye ku da wane mai kuka soya, ba raina girkinku ya yi ba, ku ba shi amsa dalla-dalla. In kun manta kun jefa dunƙule, ko ƙanenku ya kai niƙan inji ba ku sani ba sai daga baya, ku faɗa masa tun kafin ya kai loma, ku dafa masa shinkafa. Kunyar minti ɗaya ce. Kai kuma mai lalurar, kada kara ta sa ka ci abin da ka san zai kwantar da kai. Ka yi godiya, ka yi bayani, mai hankali zai fahimta.

Falafil da zafinsa ake ci, in ya huce rabin daɗinsa ya tafi, don haka ku soya daidai cikin mutanen da ke zaune. Sauran ƙullun, muddin ba a sa masa soda ba, zai kwana ɗaya ko biyu a firiji, a firiza kuma ya yi wata guda ko fiye. Ku raba shi a ƙananan leda, kowace daidai suya ɗaya. Da azumi wannan babban sauƙi ne: ku fito da leda guda da hantsi ta saki a firiji, in ta tsatso ruwa ku tsiyaye, ku sa soda bayan la'asar, ku ɗora mai ana saura minti 20 a kira sallah. Soyayyen da ya kwana kuma a busasshen kasko ake ɗumama shi da ƙaramar wuta, ana juyawa. Taratur zai yi kauri a firiji, sai a ɗiga masa ruwa da ɗan lemun tsami a sake juyawa.